Yadda ake sama wa yara gurbi a makarantun gwamnati a Faransa idan iyali sun zo daga waje

Duk shekara iyalai daga Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Togo, Ghana da Najeriya na ƙaura zuwa Faransa da ƴaƴansu. Wasu maigida ne ya riga su zuwa, daga baya ya samu izinin ɗauko iyali. Wasu karatu ko aiki ne ya kai su, wasu kuma mafaka suka je nema. Ko ta wace hanya aka shiga, da zarar an sauke kaya maganar makarantar yara ce ke fara tasowa: ina za a je, wace takarda za a nuna, a wane aji za a sa yaro, kuma me za a yi idan aka ce babu gurbi.

Yaron da ya sauka a watan Oktoba aka bar shi zaune a gida har Fabrairu ya yi asarar rabin shekarar karatu, a daidai lokacin da ya fi buƙatar jin Faransanci a bakin tsararrakinsa. Sau da yawa rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa ne ke jawo wannan jinkiri. Ga abin da doka ta tanada, da matakan da ake bi.

Abin da doka ta ce

Karatun firamare a makarantun gwamnatin Faransa kyauta ne tun 1881, ya kuma zama tilas a 1882, zamanin minista Jules Ferry. A 1959 aka ɗaga shekarun tilas zuwa 16, sannan dokar 26 ga Yulin 2019 ta sauko da farkonsu daga shekara 6 zuwa 3. A yau sashe na L131-1 na kundin dokokin ilimi ya wajabta karatu a kan kowane yaro daga shekara 3 zuwa 16.

"Kowane yaro" ya haɗa da ɗan ƙasa da baƙo, namiji da mace. Umarnin da ma'aikatar ilimi ta fitar ranar 20 ga Maris 2002 ya fayyace cewa ba a bambanta ɗalibi Bafaranshe da baƙo wajen shiga makarantar gwamnati, kuma ba aikin makaranta ba ne binciken takardun zaman iyaye. Yaron da bai kai shekara 18 ba ma ba ya buƙatar katin zama. Saboda haka ɗan mai neman mafaka, da ɗan wanda katinsa ya ƙare, da ɗan wanda ba shi da takarda ko ɗaya, duk haƙƙinsu ɗaya da na sauran yara.

Haka nan doka ta ce irin wurin da iyali ke zaune ba ya zama dalilin ƙin rubuta yaro. Wanda ke zaune a otal, ko masaukin ƴan gudun hijira, ko gidan ɗan'uwa, ɗansa na da gurbi a garin da yake kwana.

Wannan haƙƙi kuma nauyi ne a wuyan iyaye. Dole ne a rubuta yaro, kuma idan an sauya gida a sabunta rajistar cikin kwana 8. Wanda hukuma ta yi wa gargaɗi a rubuce ya ƙi sa ɗansa makaranta ba da hujja ba, yana iya fuskantar ɗaurin wata 6 da tarar Yuro 7,500.

Azuzuwa da shekarun yara

A Faransa shekarar haihuwa ce ma'auni, daga Janairu zuwa Disamba. Yaro na shiga makarantar ƙanana, wato maternelle, a watan Satumbar shekarar da zai cika 3, ya yi shekara uku a can. Daga nan:

- Firamare, shekara biyar: CP a shekara 6, CE1 a 7, CE2 a 8, CM1 a 9, CM2 a 10.
- Koleji, shekara huɗu: 6e a shekara 11, 5e a 12, 4e a 13, 3e a 14, a ƙarshe a yi jarrabawar brevet.
- Lise, shekara uku: seconde a 15, première a 16, terminale a 17, a ƙarshe a yi jarrabawar bac.

Sunayen azuzuwan sun yi kama da na gida, amma akwai bambancin da ke rikita iyaye. A ƙasashenmu masu amfani da Faransanci firamare shekara shida ce: a Nijar da Benin ana farawa da CI kafin CP, a Kamaru da SIL, a Chadi, Togo, Burkina Faso da Cote d'Ivoire kuma akwai CP1 da CP2. Ke nan yaron da ke CE2 a Damagaram ko Garwa yakan girmi ɗan CE2 na Faransa da shekara ɗaya ko fiye. Wanda kuma ya fito daga tsarin Najeriya ko Ghana, in an bi shekaru, aji shida na firamare ya yi daidai da 6e, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ya yi daidai da 3e, ajin ƙarshe na babbar sakandare kuma da terminale.

Ba sunan ajin da yaro ya baro kaɗai ake dubawa ba. Ana haɗa shekarunsa da abin da gwaji ya nuna. Ƙa'idar da ma'aikatar ilimi ta sa a umarninta na 2 ga Oktoban 2012 ita ce kada tazarar da ke tsakanin shekarun yaro da na ƴan ajinsa ta wuce shekara biyu.

Abin da ya kamata a tanada kafin a baro gida

Takardun da aka tara a gida sun fi sauƙin samu fiye da waɗanda za a riƙa bi ta waya daga Paris ko Lyon.

Na farko, takardar haihuwar kowane yaro. Wanda ba a yi masa ita a kan lokaci ba, a nemi hukuncin kotu da ke maye gurbinta, wanda ake kira jugement supplétif. A duba rubutun suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a takardar haihuwa, fasfo da takardun makaranta. Idan wata ta ce Ousmane wata ta ce Usman, ko wata Aïchatou wata A'isha, gara a gyara tun a gida. A kuma tsai da sunan da zai zama na iyali, domin kowane fom a Faransa sai ya raba sunan iyali da sunan yanka.

Na biyu, katin rigakafi ko littafin asibitin yaro, ko da ya tsufa.

Na uku, takardun sakamako na shekara biyu ko uku da suka wuce, da takardar shaidar cewa yaro ɗalibin makarantar ne, da duk wata shaidar jarrabawa kamar BEPC. A haɗa da littattafan rubutunsa na lissafi da na harshe, don malami na gane matsayin yaro daga littafinsa fiye da daga maki.

Takardun da ke cikin Ingilishi ko Larabci ana iya neman a fassara su. Fassarar da hukumomi ke amincewa da ita ita ce ta tafintan da kotu ta rantsar, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na da jerin sunayensu.

Idan yaro zai zauna a hannun gwaggo, kawu ko yaya, kamar yadda aka saba riƙo a wurinmu, iyaye su rubuta wasiƙar damƙa shi, su sa hannu, su haɗa da kwafin katin shaidarsu. Dokar ilimi ta amince da mai riƙon yaro a matsayin wanda ke da alhakinsa, kuma ba a hana rajista don babu hukuncin kotu na miƙa riƙo.

Makarantar ƙanana da firamare: ofishin magajin gari

Yaro mai shekara 3 zuwa 10, ofishin magajin garin da ake zaune za a nufa, wato mairie, sashen harkokin makaranta. A manyan birane kamar Paris akwai ofishi a kowace unguwa. Rajistar masu shiga a Satumba takan buɗe tun watannin farko na shekara, amma sabon zuwa ana rubuta shi a kowane lokaci, ko a tsakiyar zango ne.

Dokar 29 ga Yunin 2020 ta taƙaita abin da magajin gari zai iya nema zuwa abu uku: shaidar ko wane ne yaron, shaidar ko wane ne mai alhakinsa, da shaidar wurin zama. Wanda ba shi da takardun shaida yana iya rubuta bayanin da kansa ya sa hannu bisa amanarsa, abin da ake kira attestation sur l'honneur. Wurin zama ma ana tabbatar da shi ta kowace hanya: takardar haya, rasidin wuta, takardar masauki, ko wasiƙar mai gidan da ya sauke ku haɗe da katinsa da rasidinsa. Magajin gari na da ikon bincika ko da gaske a garin ake zaune, amma binciken ba ya tsai da rajista. Sai dai a sani, rubuta ƙarya a irin wannan takarda laifi ne da doka ke hukuntawa.

Ofishin zai ba da takardar rajista mai ɗauke da sunan makarantar da aka ba yaro. Da ita za a je wurin shugaban makarantar, tare da katin rigakafi, a tsai da ranar fara zuwa aji.

Maganar rigakafi

Yaran da aka haifa kafin 2018, allura uku ce ta wajaba a kansu: ta mashaƙo, ta sarƙewar haƙora da ta shan inna. Waɗanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2018 kuwa an ƙara musu da ta tarin shiƙa, ƙyanda, hangum, rubela, ciwon hanta nau'in B, da waɗanda ke kare yaro daga sanƙarau da ciwon huhu.

Rashin cikar allurai ba ya hana yaro shiga aji. Ana karɓarsa na wucin gadi, a ba iyaye wata uku su fara cike abin da ya rage. Ƴan ƙasa da shekara 6 ana yi musu kyauta a cibiyoyin kula da uwa da yaro da ake kira PMI, manya kuma a cibiyoyin rigakafi na gwamnati. A kai wa likita katin gida, shi zai duba abin da aka riga aka yi don kada a maimaita.

Koleji da lise: ba a zuwa makaranta kai tsaye

Nan ne iyaye da dama ke ɓata lokaci. Daga shekara 11 zuwa sama, magajin gari ba shi da hannu, shugaban koleji ma ba shi ke raba gurbi ga sabon zuwa ba. Ofishin ilimi na gunduma, wanda ake kira DSDEN, shi ke tura yaro makaranta, bayan an gwada shi.

Ƙofar shiga ta danganta da yanki. A wasu wurare ana farawa da cibiyar ba ɗalibai shawara, CIO. A wasu kuma da CASNAV, cibiyar da ke kula da karatun yaran da suka zo daga waje, wadda kowace shiyyar ilimi ke da tata. Idan ba a san wacce ba, a tambayi kolejin da ta fi kusa ko DSDEN, matambayi ba ya ɓata. A nemi ranar ganawa a makon farko na sauka, domin a manyan birane jira na iya kai makonni, wani lokaci watanni. Kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ma ta yi ƙorafi a kan wannan jinkiri a rahotonta na 2023. Wanda zai iya zaɓar lokacin tafiya, gara ya sauka a Yuni ko farkon Yuli, kafin ofisoshin ilimi su tafi hutu, ko a makon ƙarshe na Agusta da suke dawowa.

Akwai waɗanda ba sa bi ta gwaji: yaran da suka fito daga makarantun Faransa na waje da ma'aikatar ilimi ta amince da su, irin su Fustel de Coulanges a Yaounde ko Montaigne a Ndjamena. Su ana ɗaukarsu kamar sun sauya makaranta a cikin Faransa, ajin da aka ce sun haye shi za su shiga. Makaranta mai koyarwa da Faransanci a gida, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, ba ta cikin wannan rukuni sai in tana da waccan amincewa.

Yadda gwajin yake

Gwajin ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce. Ana tattaunawa da iyaye a kan tarihin karatun yaro, sannan a duba abu uku: yadda yake ji da magana da rubuta Faransanci, yadda yake karatu a harshen da ya yi makaranta da shi, da kuma lissafi. Yaron da ya yi karatu da Ingilishi a Kano ko Kumasi, ko da Larabci a Sudan, a faɗi hakan tun wajen neman ganawa don a tanadi takardun gwaji a harshen. A firamare gwajin a cikin makaranta ake yinsa, bayan yaro ya fara zuwa.

Gaskiya ta fi amfani a nan. Idan yaro ya yi shekara biyu ba ya zuwa makaranta saboda rikici ko yajin aiki, a faɗa. Ɓoyewa kan sa a kai shi ajin da ya fi ƙarfinsa ba tare da taimako ba.

Taimakon koyon Faransanci

Yaran da suka zo ba su iya Faransanci sosai ba suna da yawa: a shekarar karatu ta 2022-2023 sun haura 80,000. Tsarin da aka yi musu shi ake kira UPE2A. Ana rubuta yaro a aji na yau da kullum tare da tsararrakinsa, sai a riƙa fitar da shi wasu sa'o'i zuwa ƙaramin rukuni inda malami na musamman ke koya masa harshen. Ƙa'ida ta ce aƙalla sa'a 9 a mako a firamare, sa'a 12 a koleji da lise. Galibi shekara ɗaya ake yi. A makarantar ƙanana babu wannan rukuni, yaro na tsintar harshen a aji da wurin wasa.

Ba kowace makaranta ke da UPE2A ba, don haka ana iya tura yaro wadda ta ɗan yi nisa da gida. Waɗannan ɗalibai na iya yin jarrabawar DELF ta makaranta kyauta, su samu shaidar matakin Faransancinsu.

Iyaye ma akwai nasu. Shirin OEPRE na ba iyaye baƙi darussa kyauta a cikin makarantu, tsakanin sa'a 60 zuwa 120 a shekara, a kan Faransanci da yadda makaranta ke aiki. Kuma ba a bukatar daina yi wa yaro Hausa a gida don ya iya Faransanci. Yaron da ya riƙe harshen uwarsa da kyau yana da abin da zai ɗora sabon harshe a kai.

Yaron da makarantar allo kaɗai ya yi

Irin wannan yaro ana lissafa shi cikin waɗanda ba su taɓa shiga makaranta ba, ko suka ɗan taɓa. A koleji akwai rukunin da aka keɓe musu, UPE2A-NSA, mai ɗalibai kaɗan, inda ake farawa daga haruffa da ƙirga, kuma ana iya ƙara musu shekara ta biyu. A gaya wa masu gwaji idan yaro na karanta Larabci ko yana rubuta ajami, domin wanda ya san haɗa baƙi da wasali ba ɗaya yake da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba.

A sani kuma, karatun Alƙur'ani a masallaci ko a gida ba ya maye gurbin makarantar da doka ta wajabta. Ana yinsa ne a ƙarshen mako ko ranar Laraba. Koyar da yaro a gida a maimakon makaranta, tun Satumbar 2022 sai da izinin hukumar ilimi, kuma dalilan da ake karɓa ƙalilan ne.

Masu shekara 16 zuwa 18

Tilas ta ƙare a shekara 16, amma haƙƙi bai ƙare ba. Dokar ilimi ta ba duk wanda bai kai 18 ba damar ci gaba da karatu, kuma tun 2020 ta wajabta wa ƴan 16 zuwa 18 su kasance a makaranta, ko koyon sana'a, ko aiki. Gurbinsu ya fi wuyar samu, don haka a je CIO da wuri da duk takardun sakamako. Wanda ya zo da BEPC da maki masu kyau ana iya tura shi lise na gama-gari. Wasu kuma ana ba su lise na sana'a, inda ake yin CAP a shekara biyu ko bac na sana'a a shekara uku. Ofisoshin matasa da ake kira mission locale na taimaka wa wanda ya rasa gurbi. Kafin yaro ya cika 18 a fara shirin neman katin zamansa, kuma a adana duk takardun makaranta, don su ne shaidar zamansa da himmarsa.

Za a iya zaɓar makaranta?

Adireshi ne ke zaɓa. Kowane titi na da makarantar da aka haɗa shi da ita: majalisar gari ce ke shata iyakar firamare, majalisar gunduma ta koleji. Saboda haka mai neman gidan haya ya tambayi makarantar unguwar kafin ya sa hannu.

Wanda ke son wata makaranta daban sai ya nemi sassauci, wato dérogation: a firamare wurin magajin gari, a koleji da lise wurin daraktan ilimi na gunduma. Ana bayarwa ne idan akwai gurbi, kuma ana fifita yaro mai naƙasa, mai jinyar da ke buƙatar asibiti kusa, mai samun tallafin karatu, da wanda yayansa ko ƙanensa ke makarantar. Kada a bar yaro a gida ana jiran amsa, ya fara zuwa inda aka ba shi.

Yaro mai naƙasa na da haƙƙin rajista a makarantar unguwarsu tun dokar 11 ga Fabrairun 2005. Ofishin MDPH na gunduma ne ke yanke shawarar ba shi mai taimaka masa a aji ko wani tsari na musamman. A zo da takardun likita daga gida.

Kuɗin da za a kashe

Babu kuɗin rajista, babu kuɗin zango. Littattafan karatu aro ake bayarwa a firamare da koleji, a lise ma yankuna da dama na bayarwa. Iyaye ke sayen jaka, littattafan rubutu, alƙaluma da kayan motsa jiki. Gudummawar asusun makaranta ta ganin dama ce. Inshorar makaranta ba tilas ba ce ga darussan aji, amma ana nemanta idan za a fita yawon da ba na dole ba.

Abincin rana biya ake yi, kuma garuruwa da yawa na sa farashi gwargwadon samun iyali. Yaro na iya komawa gida ya ci.

Asusun tallafin iyali, CAF, na biyan kuɗin komawa makaranta a watan Agusta ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, a kan kowane yaro mai shekara 6 zuwa 18. Kuɗin ya ɗan haura Yuro 400, sama da jika 260 na CFA ke nan. Wannan sai mai takardun zama, kuma ana duba hanyar da yaron ya shigo. Tallafin karatu na koleji da lise kuwa ba a duba ƙasar ɗalibi, samun iyali ake dubawa. Wanda ya kasa biyan abinci ko kayan karatu ya nemi ganin jami'ar jin daɗin ɗalibai ta makarantar, akwai asusun da aka ware don haka.

Addini, sutura da tarbiyya

Makarantar gwamnati a Faransa ba ruwanta da addini, kuma gara iyali su san iyakokin tun kafin ranar farko. Dokar 15 ga Maris 2004 ta hana ɗalibai sa alamar addini da ke fitowa fili, har da ɗankwali ko hijabi, a firamare, koleji da lise. A Satumbar 2023 aka haɗa da abaya da jallabiya. Ƴan mata da yawa na cirewa a bakin ƙofa su mayar idan an tashi. Dokar ba ta shafi iyaye ba: uwa na iya zuwa ɗaukar yaro ko taron iyaye da hijabinta, muddin fuska a buɗe take.

Maza da mata aji ɗaya suke. Duk darussa dole ne, har da motsa jiki da iyo, sai in likita ya ba da takarda. Ana karatu ranar Juma'a, kuma babu wurin salla a makaranta. Ana iya neman izinin fashi ranar ƙaramar Salla da babbar Salla, a rubuta tun kafin ranar. A ɗakin cin abinci, garuruwa da yawa na ba da wani abu a madadin naman alade, ko abinci marar nama, amma doka ba ta tilasta musu ba, sai a tambaya wajen rajista.

Duka haramun ne a makaranta, kuma dokar 10 ga Yulin 2019 ta ce iyaye ma su yi tarbiyya ba da duka ba. Malamin da ya ga tabo a jikin yaro wajibi ne ya sanar da hukuma.

Fashi da tafiya gida

Shekarar karatu mako 36 ce, daga farkon Satumba zuwa farkon Yuli, da hutun mako biyu sau huɗu a tsakani. Idan yaro ya yi fashin rabin yini sau huɗu a wata ɗaya ba da dalili ba, makaranta na kai rahoto. Mai niyyar zuwa gida biki ko ganin dangi ya daidaita tafiyar da hutu, musamman na Yuli da Agusta. A riƙa duba littafin saƙo da ke jakar yaro da shafin intanet na makaranta, irin su Pronote, don ta nan malamai ke magana da iyaye.

Idan aka ƙi rubuta yaro

Yana faruwa a ce wa iyaye su kawo katin zama, ko a ce mazaunin otal ba ɗan gari ba ne, ko a ce a dawo Satumba. Duk waɗannan sun saɓa wa doka. Abin yi:

- A nemi a ba da ƙin a rubuce, a kuma rubuta ranar da aka je da abin da aka faɗa.
- A aika buƙatar rajista ta wasiƙar gidan waya mai rasidin karɓa, a riƙe kwafi.
- A rubuta wa daraktan ilimi na gunduma. Idan magajin gari ya ƙi ba da hujja ba, doka ta ba daraktan ikon rubuta yaron da kansa a madadin wakilin gwamnati na gunduma.
- A kai ƙara ga hukumar kare haƙƙin jama'a, Défenseur des droits. Kyauta ne, tana da wakilai a kowace gunduma.
- Idan abin ya ƙi ci, kotun harkokin mulki na da hanyar gaggawa da alƙali ke iya ba da umarnin a sa yaro makaranta.

Ƙungiyoyi irin su RESF, Cimade da GISTI sun daɗe suna taimaka wa baƙi a wannan fanni, haka ma ƙungiyoyin iyayen ɗalibai. Wanda Faransancinsa bai nuna ba ya tafi da ɗan'uwa ko maƙwabcin da zai yi masa tafinta, kuma kada ya miƙa asalin takarda ya baro ta a ofis, kwafi ake bari.

Ƙananan ƙa'idoji kamar ranakun rajista, farashin abinci da ofishin da ake fara zuwa suna bambanta daga gari zuwa gari, don haka a tabbatar da su a mairie ko DSDEN na inda za a zauna. Abin da ba ya sauyawa shi ne tushen: duk yaron da ke kwana a ƙasar Faransa, daga shekara 3 zuwa 16, yana da kujera a aji, kuma neman ta na farawa ne a makon da aka sauka.